Tuna baya ba ya biyan kuɗin rijista

Tun ranar da aka fara maganar taron cikarmu shekara goma da gama Jami'ar Bayero ta Kano, wato BUK, guruf ɗin ajinmu na WhatsApp bai sake barci ba. Guruf ɗin da a da sai a yi wata guda ba ka ga komai ba in ba sanarwar rasuwa ko katin ɗaurin aure ba, sai ga shi ka kwanta ka tashi ka tarar da saƙo ɗari uku, wane otal za a kama, shadda za a yi anko ko yadi, hula iri ɗaya ko kowa ya zo da tasa, matan ajin su ma suna can suna tasu dambarwar tsakanin atamfa da leshi. Ana cikin haka tsoffin hotuna suka fara fitowa, duk mun bushe, wuya kamar mariƙin lema, kowa da jakar goyo da handaut a hannu, aka yi ta ina wane, ina wance, kun tuna ranar da aka kore mu daga lakca dan mun makara. Ni ma na sha dariya har da hawaye, ba zan ɓoye ba.

To a tsakiyar wannan shagalin ne ɗaya daga cikinmu, wanda Allah ya yi ya zama lakcara a dipatmen ɗin da muka gama, ya rubuto cewa akwai yara uku 'yan ajin ƙarshe da ba su biya kuɗin rijista ba kuma saura kwanaki a rufe, in da mai hali a taimaka. Sai da na ƙirga abin da ya biyo baya saboda ya tsaya min a rai. Mutum tara suka ce Allah ya kawo musu mafita, huɗu suka turo sitikar addu'a, ɗaya ya ce ai gwamnati ce ta kashe ƙasar nan, bayan minti ashirin aka koma kan kalar hula. Alhali kuɗin da aka yanka wa kowa na cin abincin daren nan, in mutum shida suka haɗa nasu ya isa ya fitar da yaro ɗaya.

Shi ya sa na zauna rubutun nan. Ni a ganina yawancin abin da muke kira haɗin kan tsoffin ɗalibai a garin nan majalisar tuna baya ce kawai, kuma tuna bayan ma an rairaye shi an zubar da tsakuwar, waɗanda suka samu ne ke ba da labari, waɗanda ba su samu ba sun yi shiru, yaran da ke cikin makarantar yanzu kuma ba abin da suke samu daga gurinmu sai faɗa da gori.

Bari na fara da kawuna ƙanin mahaifiyarmu, dan shi ne sarkin "a zamaninmu". Ya shiga makarantar a 1976 tana matsayin kwalejin jami'a, ya fita tana cikakkiyar jami'a tunda a 1977 aka ba ta wannan matsayin, lokacin marigayi Dokta Mahmud Tukur ne shugaba. In ka zauna da shi tun daga tushe zai ɗauko maka, yadda aka fara a 1960 a cikin makarantar koyon Larabci ta SAS da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 aka sa mata sunan Sardauna sai ta Kano ta koma Abdullahi Bayero, daga nan sai ya gangaro kan abin da ya fi ƙauna wato kafteriya. Tikitin abinci, shayi da madara da ƙwai da safe, kaza ranar Lahadi, a wanke maka zanin gado, jiharka ta biya ka alawus, kafin ka gama bautar ƙasa takardar ɗaukar aiki biyu ko uku na jiranka har da bashin mota. Sai ya rufe da cewa amma fa mu mun yi karatu, yaran yanzu ba abin da suka sani sai danna waya.

Rannan dai na kasa haƙuri na ce Kawu, wai ba a zamaninku aka yi Ali Must Go ba? Ya ce a zamaninmu ne mana, 1978, ina ciki. Na ce to a kan me aka yi? Ya san inda na dosa sai ya yi murmushi. A kan ƙarin sule biyar ne a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu, ɗaliban ƙasar nan suka tashi suka ce sai Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Na ce Kawu Allah ya ƙara girma, ku da kuka hargitsa ƙasa a kan sule biyar, ku ne za ku kalli yaron da ke zuwa lakca da ruwan leda a ciki ku ce ba shi da juriya? Kafin tsakiyar shekarun 1980 ta wuce an daina ciyarwar nan, duk wanda ya zo bayan nan cikinsa na wuyansa. Ba ina cewa su Kawu ba su yi karatu ba, sun yi wallahi, Turancinsa har gobe ya fi nawa. Amma ƙoƙarinsu a kan shimfiɗa aka yi shi, kuma kuɗin talakan da bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba ne ya yi shimfiɗar, manomin gyaɗa da na auduga da mai biyan haraji a ƙauye. Wannan ɓangaren ne ba ya fitowa a hira.

Mu ma da muka shiga wajen 2010 haka muke, kawai dai kazar ce ba mu gani ba. Muna son ba da labarin wahala dan ta zama mana ado. Acaɓa daga cikin gari zuwa Tsohuwar Jami'a a Kabuga, daga nan a yi kokawar bas zuwa Sabuwa a hanyar Gwarzo, garau-garau da rana, indomi gurin mai shayi a Danbare in aljihu ya ɗan yi nauyi, kwana a aji lokacin jarrabawa sauro na nasa karatun a ƙafarka. Bayan harin 20 ga Janairu 2012 garin ya cika da shingen jami'an tsaro, a sauke ka daga babur ka tura shi da ƙafa har ka wuce, ka iso lakcar ƙarfe takwas ƙarfe tara da rabi. A Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero aka hana acaɓa gaba ɗaya, muka koma A Daidaita Sahu, sannan ranar 1 ga Yuli na shekarar ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta tafi yajin aiki ba mu koma ba sai Disamba. Duk gaskiya ne, mun sha. Amma abin da ba ma faɗa shi ne kuɗin da muka biya a shekara huɗu gaba ɗaya da ƙyar ya kai abin da yaron yanzu ke nema na shekara ɗaya, kuma da naira ɗari biyu a aljihu za ka je makaranta ka ci abinci ka dawo.

Yanzu kalli wanda ya shiga a 2019. Wata tara a gida a 2020, ga korona ga yajin aiki, ya dawo bai gama zama ba aka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cif. Yana dawowa aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya ninka, kwanon shinkafa ya gudu, a shekarar kuma jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rijista dan su ma wuta da dizal sun sha musu kai. Ba dan gwamnatin Kano ta biya wa 'yan jiha kusan dubu bakwai ba a lokacin, da Allah kaɗai ya san adadin da za su ajiye. Digirin shekara huɗu ya zama na shida, kuma bankuna da kamfanoni da yawa in sun fitar da tallan ɗaukar sabbin ma'aikata sai ka ga an sa kada a wuce shekara 26 ko 27, ita kanta bautar ƙasa in ka haura 30 kafin ka gama sai dai a ba ka takardar yafewa. Wannan yaron ne muke cewa ba shi da himma.

Sai maganar aiki, inda ƙaryar ta fi yawa. Ka lura a duk taron tsoffin ɗalibai su wa ake ba makirfo, mai aiki a Abuja, wanda ya je Ingila ya yo digiri na biyu, wanda ya shiga siyasa ya zama mai ba da shawara. Kowa ya tashi sai ka ji "da haƙuri da jajircewa da addu'ar iyaye". Ba wanda zai ce baffana ne ya kira wani darakta. Ni dai bari na faɗi nawa tunda ni na tsokano.

Na karanta Ikonomiks, na yi bautar ƙasa ana ba mu alawi naira 19,800, na dawo gida da ambulan ruwan ƙasa cike da fotokwafin takardu, na shekara uku ina yawo da shi har gefensa ya cinye. Akwai wata ma'aikata da na je sau bakwai, masinjan gurin har ya san ni, in ya hango ni sai ya ce Malam yau ma oga bai shigo ba, daga baya na ji ashe an gama rabon guraben tun kafin a buga tallan. Na koyar a wata makarantar kuɗi ta unguwa, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata, na cike shirin gwamnati na ɗaukar matasa aiki, N-Power, da aka fara a 2016 sunana bai fito ba. Abin da ya fitar da ni ba satifiket ba ne shi kaɗai. Wani dattijo ne da muke sallar Magariba a masallaci ɗaya, wata rana ana hira ya ji dipatmen ɗin da na gama, ya ce kai ashe ƙanina ne, ni ma nan na yi tun kafin a haife ka. Ya ce ka iya lissafi a kwamfuta? Na ce na iya Alhaji. Ya ce gobe ka same ni a Dawanau ƙarfe tara. Shi kenan fa. A can kasuwar hatsin na koyi abin da ake nufi da farashi, yadda riɗi da zoɓo ke tashi su faɗi da motsin dala, yadda ake duba danshi da datti kafin a loda, wa ake ba bashi wa ba a ba, yadda tirela ke kwana a hanyar Legas ribarka na narkewa. Abin da aka koya mana a allo sai a nan ya yi min magana, kuma karatun ya yi amfani ƙwarai, dan shi ya sa na riga wasu gane abin. Amma ba dan wannan bawan Allah ya ce ƙanina ne ba, da wataƙila har yau ina yawo da ambulan.

Kuma in ka bi kowa a guruf ɗin nan a hankali, ka same shi shi kaɗai ba a gaban jama'a ba, za ka tarar akwai irin wannan mutumin a labarinsa, wani ya ɗaga waya, wani ya sa hannu, wani ya ce turo min takardunka. Ɗan masu hali an haife shi da irin waɗannan mutanen a falon gidansu. Ɗan mai faci da 'yar mai ƙosai da suka kutsa jami'a da ƙyar su ba su da kowa, kuma a nan ne ya kamata a ce tsoffin ɗalibai sun zama musu dangi. In ba haka ba meye amfanin mu.

Ranar da na je kai kuɗin ankon, A Daidaita Sahu na tara a Kofar Famfo, ina shiga direban ya juyo muka haɗa ido, ɗan ajinmu ne, kuma ba na baya ba, irin waɗanda muke taruwa a gurinsu su yi mana bitar lissafi daren jarrabawa. Muka rungume juna a titi ana mana hon. Na ce mutumina ba na ganin ka a guruf, ya ce ina ciki ina karantawa, me zan ce? Na ce za ka zo taro ai, ya yi dariya ya ce in zo in ce musu me, balas nake nema na kai wa mai mashin kafin Isha. Ya ƙi karɓar kuɗina, na ƙi sauka sai da ya karɓa. Sana'arsa ba abin kunya ba ce, yana ciyar da gidansa da halak, amma mu ne muka tsara taron yadda shi da irinsa ba za su iya shigowa ba, daga kuɗin shiga har irin hirar da za a yi. Haka matan ajin, wadda ta fi kowa maki a shekararmu tana gidanta tana sayar da atamfa da turaren wuta a sitatus, ban ce ta yi asara ba, zaɓinta ne ko na yanayi, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana son komawa digiri na biyu ko akwai aikin da za ta iya daga gida. Sai dai a ce Hajiya a turo kuɗin anko.

Na san abin da za a ce min, dan an riga an faɗa min a guruf ɗin. Na farko wai ilimi aikin gwamnati ne, in muka fara biya mun ɗauke mata nauyi. Wannan magana tana da ƙarfi kuma ban raina ta ba. Yawancin sabbin gine-ginen da ka gani a jami'o'inmu da tambarin TETFund a jikinsu, asusun da ya samo asali daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 aka kafa shi a 1993 da harajin ribar kamfanoni, wato matsa wa gwamnati lamba yana aiki kuma babu karo-karon tsoffin ɗalibai da zai maye gurbinsa. Har Dangote da ya gina wa BUK makarantar koyon kasuwanci bai ɗauke wa gwamnati albashin malami ko ɗaya ba. To amma mu ɗin matsa lambar muke yi? Yaushe ajinmu ya taɓa rubuta ko takarda ɗaya zuwa ga ɗan majalisar da muka zaɓa a kan yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU da aka yi shekaru ana ja a kanta? Ba ma biya, ba ma magana, sai mu fake da gwamnati mu koma zancen hula. Yaron da za a rufe wa rijista ranar Juma'a kuma ba zai jira a gyara Najeriya ba.

Na biyu wai ai ga NELFUND, tun 2024 ana ba da bashin karatu, su je su cike. Su cike mana, ni ma ina ce wa ƙannena su cike, da babu gara ba daɗi. Amma bashi ne, sunansa kenan, za a biya bayan bautar ƙasa, kuma ba ya nema wa yaro gurin SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata kafin gama karatu, ba ya gaya masa cewa kwas ɗin nan da kake yi ga inda ake cin abinci da shi a Kano, ba ya duba masa takardar neman aiki ya ce cire wannan ƙara wancan. Su Kawu kyauta aka ba su, mu aka yi mana rangwame, su kuma mu nuna musu layin bashi muna daga zaune a otal, abin bai yi min tsari ba.

Na uku shi ne wanda ya fi gaskiya, wai mu ma fama muke. Haka ne wallahi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024 kuma kowa ya san inda yake tsayawa, mai iyali a cikinmu ga haya ga kuɗin makarantar yara ga 'yan uwa. Ba na cewa kowa ya kawo. Amma wanda ya iya fitar da kuɗin shadda da ɗinki da hula da na otal saboda dare ɗaya, kar ya ce min dubu biyu a wata ta fi ƙarfinsa. Kuma mafi yawan abin da nake magana a kai ma ba kuɗi ba ne. A ajinmu kaɗai akwai mai shago a Farm Centre, akwai na Kantin Kwari, akwai ma'aikatan banki, akwai na gidan rediyo, akwai mai kamfanin ruwan leda a Sharaɗa, ga ni a Dawanau. In kowannenmu ya ɗauki yaro ɗaya daga dipatmen a shekara ya zauna da shi wata uku ko shida, ya ga yadda ake yi, ya ci abincin rana, ya samu na mota, ai an yi wani abu. In sau ɗaya a simesta mutum uku suka je suka zauna da 'yan ajin ƙarshe suka faɗa musu gaskiya, har da shi mai A Daidaita Sahun in ya yarda, dan abin da zai faɗa musu ya fi na mai kwat amfani, ya gaya musu aikin gwamnati ba ya jiran kowa, masaƙun Bompai da Challawa da suka ɗauki iyayenmu yawancinsu sun rufe, ka fara koyon wani abu tun kana lebul 200.

Abin da na fi tsoro kuma shi ne irin taimakon da muka fi so, na hoto. A gina ɗan benci ko a kafa allo a rubuta sunan aji da shekara da manyan baƙi, a kira 'yan jarida, a yanka kyalle. Kuɗin rijistar yaro ba shi da inda za a manna suna, shi ya sa ba ya farin jini. Kuma in za a yi dan Allah a yi da sutura, a tura kuɗin ta hannun malamin da ya san yaran kai tsaye zuwa biyan, ba sai an jera su an ɗauki hotonsu riƙe da ambulan an watsa a Facebook ba.

Taron dai an yi shi, kuma na je, na sa ankon, na ci kaza har biyu, kar wani ya ɗauka waliyyi ne ke rubutu. Yaran nan uku mu biyar muka haɗa muka fitar da biyu, na ukun wani malaminsu ne ya cika daga albashinsa, abin da ya ba ni kunya har yanzu. Bayan taro na kawo shawarar dubu biyu duk wata, a guruf mai mutum sama da ɗari mutum goma sha ɗaya suka ce suna ciki, wata na farko bakwai suka turo, na biyu biyar, har da mai A Daidaita Sahun wanda bai taɓa fashi ba kuma ya roƙe ni kar na sa sunansa a jerin.

Makon jiya na je gaida Kawu na karanta masa rabin rubutun nan a waya, ina jiran faɗa. Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, can ya shiga ɗaki ya fito da dubu biyar ya ce saka a asusun naku, amma kar ka gaya wa babarka za ta ce na fara rikicewa. Har na kai bakin zaure ya kira ni ya ce kai ɗan nan, maganar kazar nan fa, ba kowace Lahadi ba ce, kuma kwata ce ake ba mutum.